Legoland ta Dubai: a kai yara ko a bar kuɗin cikin aljihu?

Alhaji Lawali Mai Shadda:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun shekaranjiya da na sa hoton Abba tsaye gindin dogon benen nan na roba wayata ba ta huta ba, kowa tambaya yake ina ne nan, yaya ake zuwa. Bari in amsa sau ɗaya kowa ya gani, in huta.

Sunan wurin Legoland, a Dubai yake. Kun san ni, shekara da shekaru ina zuwa sari, amma daga masauki a Deira sai shagunan Naif sai wurin masu auna kaya, iyakar Dubai ɗin da na sani ke nan. Bana uwargida ta kafe, ta ce alkawarin da na yi wa yara ya kusa yin furfura. Sai muka haɗa da hutun Disamba muka tafi mu biyar: ni da ita, da Abba mai shekara 10, da Nana mai 7, da auta Halifa da bai cika 4 ba.

Wurin ba cikin gari yake ba. Can ne hanyar Abu Dabi, wajen Jabal Ali, mun yi kusan awa guda a taksi. Abin da ya raba shi da sauran wuraren lilo, kusan duk inda ka kai ido za ka ga abin da aka gina da ƴan bulon roba da ake kira LEGO, masu ƴan maɓallai a ka, in ka danna wani bisa wani sai su kama juna ƙam. Mutane, dabbobi, motoci, duk na bulo. Akwai wata ƙatuwar rumfa mai na'urar sanyi, Miniland, inda aka ƙera gine-ginen duniya ƙanana: masallacin Sheikh Zayed na Abu Dabi da ƙubbobinsa fari fat, Taj Mahal na Indiya, da Burj Khalifa wanda kuka gani a hoton. Na gasken mita 828 ne, na roban mita 17, bulo 439,000 ya ci.

To ga abin da ya sa na buɗe maganar. Na biya kuɗin shiga mai zafi don yara su hau lilo su more. Abba ya hau biyu, sai ya hango wani ɗaki da aka zube bulo da ƴan tayoyi bisa tebur, kowane yaro ya haɗa motarsa ya ɗora kan gangare a yi tsere. Nan ya lafe. Motarsa ta farko kafin ta kai ƙasa ta tarwatse, wani yaro ɗan Indiya ya tuntsire da dariya. Ya tsince ya sake haɗawa. Ta biyu ta karkace ta bugi gefe. Ya zauna yana jujjuya ta a hannu har ya gano taya ɗaya ya matse ta da yawa, ba ta juyawa. Ya fi awa biyu a wurin. Na ce Abba tashi mu je jirgin dodon nan mai hawa da gangara, kuɗina na ƙonewa. Ya ce Baba saura kaɗan. Yaron da a gida ba ya minti goma kan littafi.

Tun da muka dawo abin yake cina. Ashe na ɗauki yaro har Dubai ne don ya yi abin da muka yi a ƙofar gida da kara da gwangwanin sardin, ba ko dala?

Cima Ƴar Bagalam:
Barka da dawowa Alhaji. Duk wannan bayani ban ga inda aka ambaci tsarabarmu ba.

Malam Salisu Limanci:
Wa alaikumus salam. Alhaji, tun da kai da bakinka ka tambaya, zan faɗa maka ba tare da kwana-kwana ba: ka riga ka ba kanka amsa. Kuɗin jirgi na mutum biyar, biza, masauki, tikitin shiga, don a je kallon roba. Allah Ya ce a Suratul Isra'i aya ta 27 masu almubazzaranci ƴan uwan shaiɗanu ne. Ba na cewa kai ne, Allah Ya sani kana taimako. Amma ka dubi yadda tiyar hatsi take wahalar da mutane a garin nan, ka dubi almajiran da ke tsaye ƙofar shagonka. Sannan ga maganar mutum-mutumi da ka ce an cika wurin da su. Wannan ma abin a tsaya a duba ne.

Hajiya Rabi Ali Ɗan Sofo:
Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa in sa baki, don uwargidan da ake magana ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha biyu da aure Alhaji bai taɓa kai ta ko tafkin Madarunfa ba. Kullum yana hanya, yaran sun fi sanin muryarsa a waya. Kwana shida da suka yi tare ba waya ba ciniki, Nana har yau labarin take. Ta ce ta ga Baba yana famfon motar kashe gobara yana haki, hularsa ta faɗi. In wannan almubazzaranci ne, to ramuwar bashi ce.

Alhaji Lawali Mai Shadda:
Yaya Rabi ai sai ki rufa mini asiri. Maganar famfon gaskiya ce. Iyali guda ake sa wa cikin motar kashe gobara, sai kun yi ta danna famfo da hannu kafin ta motsa, ku isa ku fesa ruwa ku dawo, ana tsere da wasu iyalai. Mu muka zo na ƙarshe. Wani Bature da matarsa suka wuce mu kamar muna tsaye.

Mushe Abdu:
Kafin gardama ta yi nisa bari in kawo tarihin abin, don ina ganin amsar tambayar Alhaji tana ciki. Wanda ya kafa LEGO kafinta ne, sunansa Ole Kirk Christiansen, a wani ƙaramin gari na ƙasar Danmak da ake kira Billund. A 1932, bayan tattalin arzikin duniya ya karye, aikin gini da na kafinta suka tsaya, sai ya koma sassaƙa kayan wasan yara na katako, irin su agwagwa mai taya da ake ja da igiya. A 1934 ya raɗa wa sana'ar suna LEGO, daga kalmomi biyu na yarensu masu nufin a yi wasa da kyau. Bulon roba sai 1949 suka fara shi, kuma na farkon ba ya kamawa sosai, da an taɓa gini sai ya zube. A 1958 ɗansa Godtfred ya yi rajistar ƙirar da ake amfani da ita har yau, wadda aka sa ƴan bututu a cikin bulon daga ƙasa don su cije maɓallan na ƙarƙashinsa. Bulon 1958 in ka same shi yau zai shiga cikin wanda Alhaji ya sayo makon jiya. Gobara ta cinye wa Ole wurin aiki a 1924 da 1942, ta sake cin sashen katako a 1960 bayan rasuwarsa, daga nan suka bar katako gaba ɗaya.

Wurin wasan kuwa daga baya ya zo. Mutane ne suka yi ta tururuwa zuwa masana'antar don ganin abubuwan da aka ƙera, har suna hana aiki, sai aka buɗe Legoland ta farko a Billund a 1968. Ta Dubai a 2016 aka buɗe ta. Kun ga ke nan bulon ne uwa, lilo ɗan rakiya ne. Abba bai yi asarar kuɗinka ba Alhaji, shi kaɗai ne ma ya je inda aka gina wurin dominsa.

Malam Salisu Limanci:
Mushe ka ƙara mini hujja ne. In bulon ne uwa, a sayo bulon a kawo Maradi, a bar jirgi.

Mushe Abdu:
A nan kam ban ƙi taka ba Malam.

Ustaz Mamman Sabon Gari:
Game da mutum-mutumi, Malam Salisu ya fi ni sani, tunatarwa ce kawai. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana wasa da ƴan tsana a gidan Manzon Allah (SAW) ita da ƙawayenta. A ruwayar Abu Dawud har da doki mai fukafukai cikin kayan wasanta, Annabi ya tambaye ta, ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai, ya yi dariya. Saboda haka malamai da yawa suka cire kayan wasan yara daga hanin. Manyan siffofin da ake girkewa don ado, wannan wani babi ne, kuma akwai magana a kai. Amma yaro ya haɗa mota ko gida da bulo ban ga ta inda za a hana ba.

Malam Salisu Limanci:
Na yara na yarda, ban yi musu ba. Maganata ta kuɗi tana nan inda na ajiye ta.

Baba Na-Allah Maradawa:
Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Lawali, tambayarka ta tuna mini da. Lokacinmu da an gama girbi kara ya bushe, sai mu kwaso mu zauna gindin bedi. Ka ɓare bayan karan siri-siri, shi ne ƙusarka. Totuwar ciki mai laushi ita ce katakonka. Ka yanka da reza daidai-daidai, ka soka, ka haɗa babbar mota har da bodi da wurin zaman yaron mota. Taya kuwa fasasshiyar ƙwarya muke gogawa a dutse har ta yi zagaye, daga baya da silifa ya yawaita muka koma yanka tsohon silifa. Wanda motarsa ta karkace a tsere kwana zai yi ana yi masa dariya, washegari ya zo da gyara. Ba wanda ya koya mana. Cikinmu akwai wanda ya zama babban makanike a tashar mota, akwai wanda ya zama maƙerin ƙofofi. Ƴan mata kuma suna gefe da tuwon ƙasa da ƴar tsanar ƙashi, suna gina ɗaki da laka.

Yanzu ka ba yaro kara sai ya tambaye ka ina akuyar da zai ba. Ba laifinsu ba ne. Mun yi siminti a tsakar gida, mun rufe ƙofa, mun ce kar su ɓata kaya, mun miƙa musu waya don su yi shiru. Ɗanka ya ga inda aka ce masa zauna ka ɓata ka gyara ba mai tsawa, shi ya sa ya ƙi tashi.

Alhaji Lawali Mai Shadda:
Baba wallahi ka taɓa ni. Ni da kaina na taɓa zane Abba don ya kwance rediyona.

Ɗan Ladi Magini:
Ranka ya daɗe Alhaji, ranar da na zo duba katangar bayan gidanka na tarar da Abba a zaure da bulon da ka sayo masa. Yana gina bango yana rushewa. Na tsaya ina kallo ban ce komi ba. Jera su yake kai bisa kai, mahaɗa ta miƙe daga ƙasa har sama, da ya tura da yatsa sai bangon ya rabe gida biyu. Can sai na ga ya ɗauki ɗaya ya ɗora a tsakiyar biyu, ya haye mahaɗar. Ya tura, bai motsa ba. Ya ɗago ya dube ni. Na ce to ka zama magini, wannan ita ce sarƙa, kuma ita ce abin da nake fama da yaran aikina su gane, wani sai ya yi wata shida yana jera mini bulo kamar an tara sabulu a kanti. Ko kakanninmu masu ginin tubali sun san ba a ɗora tubali saitin ɗan uwansa. Har kusurwa na nuna masa yadda ake ɗaure ta, bango biyu su shiga juna. Yaron yana da hannu, kar a ce ban faɗa ba.

Cima Ƴar Bagalam:
Ɗan Ladi kana neman yaron aiki kyauta ne dai.

Ibro Jamus:
Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ni na je ta nan Jamus, a wani gari Günzburg cikin jihar Bavariya, an buɗe ta a 2002. Gyara ɗaya zan yi: manyan gine-ginen da ake gani a wuraren nan ba dannawa kawai aka yi ba, ana sa musu gam, manyan kuma akwai ƙarfe a ciki, in ba haka ba iska da hannun yara ba za su bar su ba. Na wasan gida ne ba a sa wa komi.

Ga masu tunanin zuwa wata ba ta Dubai ba, akwai ta Windsor a Ingila tun 1996, akwai uku a Amurka, Kalifoniya da Fulorida da New York, akwai ta Maleshiya tun 2012, da Japan da Koriya ta Kudu. Duk faɗin Afirka babu ko ɗaya. Ga mutumin Maradi ta Dubai ce mai sauƙi, don bizar Turai kun san halinta, kuma na Turai in sanyi ya yi tsanani yawancin wasannin rufe su ake. Ta Maleshiya ma ba laifi ga mai hali, abinci ba fargaba.

Mushe, ga wani lissafi ka kai wa ɗalibanka: bulo shida masu maɓalli takwas-takwas, launi ɗaya, ana iya haɗa su ta hanya 915,103,765. Wani malamin lissafi ɗan Danmak ne ya fitar da adadin da kwamfuta.

Mushe Abdu:
Ibro wannan in na faɗa a aji cewa za su yi Mushe ya fara ƙarya. Sai na sa su gwada da bulo biyu tukuna, su ga hanya 24 da idonsu.

Maman Halima Zariya:
Alhaji ni tambayoyina na mata ne. Akwai wurin salla? Abinci fa? Kuma ƙaramin bai wahala ba? Maigida yana ta cewa in Allah Ya hore babban hutu za mu je.

Hajiya Rabi Ali Ɗan Sofo:
Maman Halima bari in amsa miki da abin da ƙanwata ta faɗa mini, don Alhaji bai san wahalar da aka sha da Halifa ba, yana can yana gadin Abba. Wurin salla akwai, na maza daban na mata daban, da wurin alwala. Abinci ba matsalar halal, sai dai ku ci ku ƙoshi kafin ku fito. Wurin an yi shi ne don yara daga shekara 2 zuwa 12, saurayi ɗan 16 zai ga kamar an raina shi. Kowane lilo akwai ma'aunin tsawo a bakin ƙofa, in yaro bai kai ba ba ya hawa, ko da kin yi magiya. Halifa ya yi kuka har ya shiɗe da aka hana shi bin Nana, kuma gaskiyarsu ce, don tsaron lafiyarsa ne. Sai da aka kai shi ɓangaren ƙanana mai manyan bulo masu suna Duplo ya haƙura. Ki tafi da keken tura yaro, tafiyar ƙafa ce wuni guda.

Nana kuwa makarantar tuƙi ce ta tafi da hankalinta. Ƴan motoci ne masu batir, da tituna da fitilar ba da hannu da shataletale, a koya musu doka su tuƙa da kansu. An yi mata farmi mai hotonta. Yanzu in sun hau adaidaita ita ke gaya wa direba ya yi laifi.

Akwai kuma wurin wasan ruwa a gefe, tikitinsa daban. Su ba su shiga ba, ta ce ba ta shirya kayan da za ta sa ba.

Alhaji Lawali Mai Shadda:
Maman Halima ki gaya wa maigida kar ya kuskura ya kai yara babban hutu. Yuli da Agusta zafin Dubai ya wuce digiri 40, ga gumi mai danƙo saboda teku. Zafin Afrilu na Maradi busasshe ne, ka shiga inuwa ka sha iska, can kuwa inuwar ma tafasa take. Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin. Kuma ku je tsakiyar mako, don tun 2022 hutun ƙarshen makonsu ya koma Asabar da Lahadi, ranakun nan layi ba ya ƙarewa. Tikiti ku saya ta intanet kafin ku je, ya fi sauƙi bisa na bakin ƙofa. Kuskuren da na yi, na tsaya ciniki da safe muka isa rana ta take, ga shi Abba ya cinye awa biyu, jirgin ƙarƙashin ruwa mai kifaye na gaske a guje muka gan shi.

Maganar kuɗi kuma, dirhami, kuɗin Dubai, a ɗaure yake da dalar Amurka, dirhami 3.67 kowace dala ɗaya, mu kuma sefa a ɗaure take da yuro. In dalar Amurka ta hau, Dubai ta ƙara mana tsada ko da ba su ƙara komi ba. Duk farashin da ka gani ka ninka shi sau 150 ko fiye kafin ka miƙa hannu. Kuma ku yi hattara da ƙaton shagon bulon da ke kusa da ƙofa, ta nan za ku bi in za ku fita, yara kuma idonsu biyu. Can ne aljihuna ya yi kuka na gaske.

Sanusi Kabu-Kabu:
Mu da ko Yamai ba mu kai yara ba sai mu yi ta karatu muna haɗiyar miyau. Ni dai da salla na ɗauki nawa uku bisa babur na kai su Madarunfa, suka ga ruwa da masunta, muka ci soyayyen kifi muka dawo. Har yau suna labari su ma.

Hajiya Rabi Ali Ɗan Sofo:
Sanusi ai ka fi wani Alhajin da na sani, da ya yi shekara goma sha biyu bai yi hakan ba.

Alhaji Lawali Mai Shadda:
Yaya na tuba.

Injiniya Haruna Burja:
Abin da ke ba ni haushi daban ne. Garin nan ana kiransa cibiyar kasuwancin Nijar, alhazanmu suna da tireloli da manyan shaguna har Kwatano da Lome ana sanin su. Amma wa ya taɓa tunanin wurin da yaro zai je ya yi wasa mai amfani? Ko a Yamai in ka cire gidan tarihi na Bubu Hama mai namun daji da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, me ya rage? Ba cewa nake a gina Legoland a Maradi ba. Injinan lilo suna son wuta tsayayya da gyara kullum da kayan gyara daga waje, in ba haka ba shekara biyu su zama tarkacen ƙarfe, ko su ji wa yaro ciwo. Amma ɗakin da Abba ya lafe a ciki me ke cikinsa? Tebur, bulo, katakon gangare, da babba ɗaya mai lura. Ba ya cin wuta ko ta fitila ɗaya in da rana ne. Kuɗin tikitin jirgin mutum ɗaya ya isa a cika bokitai da bulo.

Malam Salisu Limanci:
Yawwa. Injiniya ya faɗi abin da nake nufi da lafazin da ya fi nawa daɗi. Kuɗin da ya faranta wa yara uku zai iya faranta wa ɗari uku.

Hajiya Rabi Ali Ɗan Sofo:
Malam da bai je ya gani ba da wa zai kawo maganar?

Maman Halima Zariya:
Ni na taɓa sayen irinsa a wani kanti nan cikin gari, kwali mai hoton jirgin sama. Wallahi takaici. Wasu ba sa shiga, wasu in sun shiga sai da haƙori ake cire su, ga warin roba. Kwana uku Halima ta watsar. Sannan ƙaninta na goye na same shi da ɗaya a baki, Allah Ya kiyaye na zaro da yatsa.

Mushe Abdu:
Allah Ya ƙara kiyayewa. Wannan ba wasa ba ne, ƙananan bulon ba na yaron da bai kai shekara 3 ba ne, ko na asali ne ko jabu, a kwalin ma an rubuta. Masu rarrafe sai Duplo, wanda ya ninka na kullum sau biyu ta kowane gefe, ba ya shiga maƙogwaro. Gane na asali kuma ba wuya: ki duba kan kowane maɓalli, za ki ga an rubuta LEGO ƙanana. Amma ba duk wanda ba LEGO ba ne marar kyau, haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare tuntuni, kamfanoni da yawa suna yi, wasu da kyau wasu shara. Ki gwada biyu a hannu kafin ki biya: su kama ba tare da ƙarfi ba, su rabu ba tare da haƙori ba. Ni nawa a wurin masu gwanjon kayan wasa nake tsinta, cikin buhunan da ake zubewa a ƙasa. Na asali ne tsofaffi, in wanke da ruwan sabulu in shanya a inuwa. Shekara biyu ina tarawa, na kusa cika bokitin fenti. Da su nake koya wa ƴan ajina kashi: mai maɓalli takwas shi ne ɗaya, mai huɗu rabi, mai biyu rubu'i. Yaron da alli bai shigar masa ba, da ya riƙa a hannu sai ka ga ya gane.

Shawara ɗaya ga mai saye: kar ka sayi kwalin da aka zana abu ɗaya a bi littafi a haɗa. Yaro zai haɗa sau ɗaya a ɗora bisa talabijin a hana shi taɓawa. Ka sayi na zube, mai tayoyi da yawa.

Alhaji Lawali Mai Shadda:
Mushe ina ka shiga kafin in tafi? Irin na littafin na sayo har biyu. Ɗaya yana bisa talabijin yanzu haka, uwargida ta ce wanda ya taɓa ita da shi.

Baba Na-Allah Maradawa:
Ku kawo yaran da robarku, ni in zo da kara da reza. A sa gangare ɗaya a ga motar da za ta riga. Ga kara nan ya bushe, yanzu ne lokacinsa, in aka bari dabbobi za su cinye.

Injiniya Haruna Burja:
Baba in da gaske kake ni zan kawo katakon gangaren, akwai ragowar silin a wurina.

Mushe Abdu:
Zan nemi izinin darakta a ba mu rumfar lakwal ranar Lahadi bayan la'asar. Bokitina yana nan. Amma a ƙirga bulo kafin a fara a ƙirga bayan an gama, na san halin aljihun yara. Reza kuma a hannun Baba kaɗai za ta zauna.

Malam Salisu Limanci:
In za a yi, a bar almajiraina biyar su zo. Kuma a tashi kafin magariba.

Sanusi Kabu-Kabu:
Ni zan ɗauko Baba da karansa, ba sai an biya ba.

Cima Ƴar Bagalam:
Ƴan mata fa? Kar a ce mota ta maza ce, Nana ce mai farmi a duk garin.

Alhaji Lawali Mai Shadda:
Kowa ya zo. Na gaya wa Abba yanzu, ya ce ya yarda a ɗauki bulon duka har da na bisa talabijin in uwarsa ta bari, amma tayoyi takwas ne kawai gare shi kuma ba zai ba da aro ba. Baba, a taho da tsohon silifa.